"DA" DA "KO": YADDA KWAMFUTA KE SANIN LOKACIN FARA AIKI

Akwai ƙananan kalmomi biyu da muke faɗi kullum ba tare da mun kula da nauyinsu ba, wato "da" da kuma "ko". In aka ce ɗalibi ba zai fita gari ba sai da takardar izini DA sa hannun malamin ɗakin kwana, to ɗaya kawai ba zai wadatar ba. Amma in aka ce za a buga ƙararrawa in lokacin taro ya yi KO in gobara ta tashi, kowanne a cikinsu ya isa.

Wani malamin lissafi Baturen Ingila, George Boole, shi ne ya mai da wannan tunani lissafi a littafinsa na 1854. A 1937 kuma Claude Shannon na Amurka ya nuna cewa makunnan lantarki suna bin wannan ƙa'ida. Makunnai biyu a jere kan waya ɗaya, sai an kunna dukansu fitila za ta kama. Wannan shi ne "da". In kowanne yana da tasa hanyar, ɗaya ya isa. Wannan shi ne "ko".

A yau masu rubuta manhaja sukan ajiye aikinsu a rumbu ɗaya a intanet, kamar GitHub da aka buɗe a 2008. Rumbun yana da rassa. Babban reshe, wanda aka fi kira main, shi ke ɗauke da manhajar da za a ba jama'a, sauran rassan kuwa na gwaje-gwaje ne. A 2018 kamfanin ya fito da GitHub Actions, wanda ke harhaɗa manhaja ya kuma gwada ta da kansa. Sai dai dole a rubuta masa a cikin wani fayil abin da zai tayar da shi. Yana iya zama turo sabon gyara, ko neman a haɗa wani reshe da babba, ko cikar wani lokaci da aka tsayar, ko kuwa mutum ya danna da hannunsa.

To, yaya waɗannan sharuɗɗa suke haɗuwa? Ƙa'ida ta farko ita ce, in aka jera abubuwa da yawa masu tayar da aiki, "ko" ce a tsakaninsu. Duk wanda ya faru, aiki ya tashi. In biyu suka faru tare, aikin zai tashi sau biyu. Misali, wanda ya turo gyara a reshen da tun farko an nemi a haɗa shi da babba, zai iya ganin gwaji ɗaya ya gudana sau biyu, an yi asarar lokaci, wani sa'i har da kuɗi.

Ƙa'ida ta biyu ta shafi rariyar da ake sa wa abu guda. Ana iya cewa turo gyara zai tayar da aiki a reshen main kaɗai, a kuma ƙara cewa sai in gyaran ya taɓa fayilolin wata jaka. A nan "da" ce a tsakanin rariyoyin biyu. Gyara a main da bai taɓa jakar ba, ba abin da zai motsa. Gyara a jakar amma a wani reshe dabam, shi ma shiru. Amma a cikin rariya ɗaya, in an jera rassa uku, "ko" ce ta sake dawowa, kowane reshe ya isa.

Haɗarin yana nan: kwamfuta ba ta yin kuka in sharaɗi bai cika ba, shiru kawai take yi. Mai aikin da ya ɗauki "da" a matsayin "ko" zai zaci an gwada gyaransa, alhali ba a gwada ba. Ta haka kuskure yakan sulale ya kai ga masu amfani da manhajar, ko ta banki ce ko ta asibiti.

Maganin abin ba wuya. Kafin a amince da fayilin, a ɗauki takarda a zana jadawali. Sharuɗɗa 2 suna ba da yanayi 4, sharuɗɗa 3 kuma yanayi 8. A gaban kowane yanayi a rubuta "zai tashi" ko "ba zai tashi ba", sa'an nan a gwada a gani ko kwamfuta ta yarda da abin da aka rubuta. Rigakafi dai ya fi magani.

Saboda haka 'yan'uwa ɗalibai, musamman masu sha'awar aikin kwamfuta, kada mu rena darasin makunnai a ajin kimiyya. Mu saba karanta kowace doka a hankali, muna tambaya: a nan "da" ake nufi, ko kuwa "ko"?