Damben share fage: Yadda ake zaɓa wa zakara abokin karawa

Babu shawarar da ta fi wuya ga masu kula da zakaran damben boksin ajin masu nauyi kamar zaɓen mutumin da zai kara da shi kafin wani babban dambe.

Irin wannan karawa ita ce ake kira damben share fage. Manufarta ita ce zakara ya motsa jiki, ya gwada ƙarfinsa, ya kuma tuna wa 'yan kallo cewa yana nan daram, ba tare da ya ji rauni ko ya rasa kambunsa ba.

Sai dai tarihi ya nuna cewa a irin wannan dambe ne zakaru da dama suka faɗi, suka kuma yi asarar miliyoyin dalolin da ke jiransu a gaba.

Matsalar ba baƙuwa ba ce ga masu sha'awar damben gargajiya a ƙasar Hausa, inda aka daɗe da sanin cewa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Yadda abin yake a damben gargajiya

A yankunan Wurno da Rabah da Goronyo na gabashin jihar Sakkwato, kamar sauran ƙasar Hausa, dambe a al'adance wasan kaka ne. Sai an kawar da amfanin gona, hatsi ya shiga rumbu, kuɗi sun zo hannun manoma, sannan 'yan dambe da makaɗansu kan shiga gari-gari.

Yankin yana da babban matsayi a tarihin wasan, domin kuwa shahararren makaɗin nan Muhammadu Bawa Ɗan Anace mutumin ƙasar Gandi ne a ƙaramar hukumar Rabah. Waƙoƙinsa ne suka sa har yau ba a manta da sunayen Shago da Ɗandunawa ba.

A wannan dambe, a fili ake zaɓen abokin karawa, kowa yana gani. Makaɗi ya kaɗa taken ɗan dambe, shi kuma ya fito ya yi kirari, ya nuna wanda yake so. Wanda aka nema yana da damar amsawa, yana kuma da damar ƙi.

Idan aka sa zare, yawanci turmi uku ake yi. Da zarar hannun mutum ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, to an yi kisa ke nan, wasa ya ƙare.

Wannan ƙa'ida ce ta sa babban ɗan dambe yake taka-tsantsan da yaron da bai yi suna ba. Idan ya buge yaron, babu abin da ya ƙaru da shi, kowa zai ce dama haka ake zato. Idan kuwa yaron ya buge shi, ko da santsi ne ya ja shi, to labari zai riga shi isa garin gaba, kuma daga ranar yaron ya yi suna.

Idan kuma ya cika ƙin amsa kira, 'yan kallo su ce tsoro yake ji, makaɗan ɗaya ɓangaren su sa shi a bakin kalangu.

Tsarin ubangida da yaransa, wanda ake gani a laƙabobi irin su Shagon wane da Autan wane da Garkuwan wane, yana rage wannan matsala. Sau da yawa sabon ɗan dambe sai ya nuna kansa a kan yaran gidan kafin a ga ya isa ya tsaya gaban ubangidansu.

Abin da ake dubawa a damben boksin

A damben boksin kuwa, a ofis ake yin zaɓen, tsakanin mai shirya dambe da manajan zakara da mai horar da shi, da kuma gidajen talabijin da za su biya kuɗin nuna wasan.

Manyan hukumomin dambe huɗu, wato WBA da WBC da IBF da WBO, kowace tana da jerin sunayen 'yan damben da ta amince da su. Lokaci-lokaci hukuma kan tilasta wa zakara karawa da wanda ke kan gaba a jerin. Tsakanin irin waɗannan wasanni na dole ne yake da 'yancin zaɓa da kansa, galibi daga cikin mutum 15 na farko, idan ana so a sa kambu a wasan.

Abu na farko da ake dubawa shi ne kama. Idan babban abokin karawar da ke tafe dogo ne, sai a nemo dogo. Idan bahago ne, sai a nemo bahago, domin zakara ya saba da naushin da ke fitowa ta ɓangaren da bai saba ba.

Na biyu shi ne juriya. Ana son mutumin da zai iya ɗaukar duka na tsawon zagaye shida ko takwas, domin wanda ya faɗi a minti na farko bai koya wa zakara komai ba.

Na uku, kuma mafi muhimmanci, kada ya kasance mai nauyin hannu. To a nan ne gizo ke saƙar, domin ajin masu nauyi ya fara ne daga kimanin kilo 90, kuma ba shi da iyaka daga sama. Mutumin da ya kai wannan nauyi, komai rashin ƙwarewarsa, naushi ɗaya ya ishe shi ya kai kowa ƙasa.

Na huɗu shi ne suna. Dole abokin karawar ya kasance wanda jama'a za su yarda su biya kuɗi don kallonsa. Kazalika ana la'akari da tazarar lokaci, ta yadda idan zakara ya ji rauni zai warke kafin babban wasan.

Waɗannan sharuɗɗa suna karo da juna. Mai juriya yakan zama mai haɗari, mai sauƙi kuma ba ya kawo kuɗi.

Darasin Tokyo da na Afirka ta Kudu

Misalin da aka fi ambata shi ne na Mike Tyson. A ranar 11 ga watan Fabrairun 1990 ya kara da James Buster Douglas a birnin Tokyo na ƙasar Japan, yana da tarihin dambe 37 ba tare da an taɓa doke shi ba.

An ɗauki wasan a matsayin share fage ne kawai kafin karawarsa da Evander Holyfield, wanda ma yana zaune a gefen fili a ranar. An raina Douglas har ta kai masu taimaka wa Tyson ba su zo da ƙarfen da ake danne kumburin ido da shi ba, sai safar roba suka cika da ruwan ƙanƙara.

Douglas, wanda ya fi Tyson tsawo da tsawon hannu, ya kai shi ƙasa a zagaye na 10. Holyfield ya karɓe kambun daga hannun Douglas a watan Oktoban shekarar, shi kuwa Tyson bai samu karawa da Holyfield ba sai a 1996.

A watan Oktoban 1993 ma, Tommy Morrison, mai riƙe da kambun WBO, yana da yarjejeniyar miliyoyin daloli ta karawa da Lennox Lewis na Birtaniya. Sai ya zaɓi ya fara motsa jiki da Michael Bentt, wanda bai yi wasanni da yawa ba. Bentt ya gama da shi tun a zagayen farko, yarjejeniyar kuma ta bi ruwa.

Shi kansa Lewis bai tsira ba. A ranar 22 ga watan Afrilun 2001 ya kara da Hasim Rahman a kusa da birnin Johannesburg, a daidai lokacin da hankalinsa ke kan Tyson.

Wurin yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,600 daga teku, inda numfashi ke wuya ga wanda bai saba ba. Rahman ya isa da wuri domin jikinsa ya saba, shi kuwa Lewis ya tsaya a Las Vegas, har da fitowa a wani fim, bai iso ba sai ana saura ƙasa da mako biyu.

Naushin dama guda ɗaya a zagaye na 5 ya raba shi da kambunsa. Abin da ya cece shi shi ne sharaɗin da ke cikin yarjejeniyar, wanda ya ba shi damar sake karawa. Ya rama a watan Nuwamban shekarar, a zagaye na 4.

Irin wannan sharaɗi na sake karawa ya zama garkuwar da kusan kowane zakara ke nema kafin ya sa hannu.

Haɗarin canji a ƙurarren lokaci

Wani tarkon kuma shi ne mutumin da aka kawo ya maye gurbin wani ana dab da wasa. 'Yan Najeriya sun ga haka har sau biyu.

A watan Oktoban 2007, Samuel Peter, ɗan asalin jihar Akwa Ibom, ya shirya karawa da Oleg Maskaev, sai Maskaev ya janye saboda rauni, aka kawo Jameel McCline. McCline ya kai Peter ƙasa har sau uku a zagaye na 2 da na 3, kafin Peter ya farfaɗo ya yi nasara da maki. Da ya faɗi a daren, da wuya ya samu damar da ya samu a watan Maris na 2008, lokacin da ya doke Maskaev ya zama zakaran WBC.

Anthony Joshua, ɗan Birtaniya mai tushe a garin Sagamu na jihar Ogun, bai yi irin wannan sa'ar ba. Ya shirya karawa da Jarrell Miller a birnin New York a ranar 1 ga watan Yunin 2019, sai aka samu Miller da shan ƙwayoyin ƙara kuzari.

An kawo Andy Ruiz ana saura kimanin mako biyar. Jama'a sun yi ta dariyar tumbinsa, ba su lura da saurin hannunsa ba. Ruiz ya kai Joshua ƙasa sau huɗu, alƙalin wasa ya tsayar da damben a zagaye na 7. Sai a watan Disamba, a Saudiyya, Joshua ya maido da kambunansa.

Ko nasara ma tana da farashi

Tyson Fury ya nuna amfanin damben share fage da kuma haɗarinsa. Bayan ya shafe fiye da shekara biyu ba ya dambe, ya dawo a 2018 da wasanni biyu masu sauƙi, da Sefer Seferi da Francesco Pianeta, waɗanda suka taimaka masa ya rage ƙiba kafin ya yi kunnen doki da Deontay Wilder a watan Disamba.

Amma a watan Satumban 2019, yana jiran karo na biyu da Wilder, Otto Wallin na Sweden, wanda bahago ne, ya fasa masa saman ido har sai da aka yi masa ɗinki 47. Fury ya yi nasara, amma da likita ya tsayar da wasan, da kome ya rushe.

A watan Oktoban 2023 kuma, Francis Ngannou ɗan Kamaru, wanda bai taɓa damben boksin na ƙwararru ba, ya kai shi ƙasa a zagaye na 3 a birnin Riyadh. Da ƙyar Fury ya sha da maki, kuma karawarsa da Oleksandr Usyk da aka so yi a watan Disamba ba ta yiwu ba a lokacin.

A ranar 23 ga watan Disamban 2023 ne kuma aka haɗa Joshua da Wilder a dandali ɗaya a Riyadh, kowa da nasa abokin karawar, da nufin su haɗu daga baya. Joshua ya doke Wallin, amma Joseph Parker ya doke Wilder, shirin ya wargaje.

Wannan ne ya sa wasu ke ganin gara a tafi kai-tsaye. Vitali Klitschko ya shafe kusan shekara huɗu ba ya dambe, amma ya dawo ya karɓe kambun Samuel Peter a birnin Berlin a watan Oktoban 2008, ba tare da wani share fage ba.

Inda wasannin biyu suka haɗu

Idan aka duba waɗannan misalai, za a ga cewa ba kasafai zaɓen kansa ke zama kuskure ba. Douglas da Rahman da Ruiz duk ana ganin ba su kai zakarun da suka doke ba, kuma babu ɗayansu da ya iya kare kambun ko da sau ɗaya.

Abin da ya fi cin zakarun shi ne sunan da aka ba wasan. Da zarar an ce share fage ne, zakara kan rage horo, ya mayar da hankali kan mutumin da ke gaba, alhali wanda ke gabansa ya san cewa wannan ce damarsa ta rayuwa.

A damben gargajiya, inda ba a sa hannu kan sharaɗin sake karawa, kuma kisa ɗaya ya isa makaɗa su canza waƙa, manyan 'yan dambe sun fi gane wannan. Shi ya sa a filin dambe na Gandi ko na Goronyo za ka ga gwani ya tsaya ya ƙare wa yaro kallo, ya dubi tsayuwarsa da hannun da ya naɗe, kafin ya yarda a sa zare.