Idan Rumbun Ajiya Ya Mutu, Kada Ka Jefar da Kwamfutarka

Wata safiya ka kunna tsohuwar kwamfutar gida, maimakon Windows ta buɗe sai allo ya tsaya baƙi ƙirin, daga ciki kuma kana jin ƙas-ƙas kamar agogon bango. A nan da yawa ke yanke ƙauna su ce kwamfuta ta gama yawo. Alhali galibi abu ɗaya ne ya lalace: rumbun ajiya, wato had-dis.

A cikin rumbun nan akwai faifai mai juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wata 'yar allura da ke karanta bayanai ba tare da ta taɓa shi ba. Tsufa, zafi, faɗuwa da ɗauke wuta bagatatan su ne ajalinsa.

Da ka ji wannan ƙara, kashe kwamfutar. Kowace kunnawa na iya ƙara karce faifan, alhali hotunan biki da takardun makarantar yara suna kansa. Cire rumbun, ka haɗa shi da wata kwamfuta ta wayar USB da ake sayarwa don haka. Idan ya buɗe, fara kwashe abin da ba ka da kwafinsa. Idan ya ƙi, kai wa ƙwararre. Kada ka kwance murfinsa, ƙura kaɗan ta isa ta ƙarasa shi.

Kafin ka tafi kasuwa, duba bakin rumbun. Siririyar waya na nufin SATA, faffaɗa mai kama da ɗamara kuwa IDE ce, irin ta da can. Na kwamfutar tebur inci 3.5 ne, na laftof inci 2.5. Idan SATA ce, sayi SSD. Babu abin da ke juyawa a cikinsa, kuma yana karanta kusan megabait 500 a daƙiƙa, ninkin tsohon sau da yawa. Mai gigabait 256 ya wadatar da aikin gida. Idan na hannu za ka saya, sa a gwada shi a gabanka da manhajar CrystalDiskInfo, za ta nuna lafiyarsa da sa'o'in da ya yi yana aiki.

Sakawa ba wuya. Zare wayar wuta, kwance notuna, cire wayoyi biyu daga tsohon ka mayar wa sabon. Sai ka ɗora babbar manhaja daga filashi mai gigabait 8. Sai dai fa Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025, kuma yawancin tsofaffin kwamfutoci ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Linux Mint kyauta ce, ba ta da nauyi.

Idan komai ya daidaita, ajiye kwafin muhimman abubuwanka a wani wuri dabam tun ranar farko, don shi ma SSD yana mutuwa, kuma shi ba ya ƙara kafin ya tafi.