Waƙar da mai ita ya ƙi, ita ta fid da shi kunya

Yau za mu kai ku Nashville, babban birnin jihar Tennessee ta ƙasar Amurka. Can ce cibiyar kiɗan da ake kira kantiri, wato kiɗan mutanen karkara, wanda ake yi da jita da goge irin na Turawa. Waƙoƙinsa sun fi magana a kan talauci, da giya, da rabuwar masoya.

Cikin manyan mawaƙan wannan kiɗa akwai George Jones, wanda aka haifa a jihar Texas a 1931. Allah ya ba shi murya, amma giya ta so ta kashe masa kasuwa. A 1975 aurensa da mawaƙiya Tammy Wynette ya mutu. Bashi ya yi masa katutu. Sau da yawa jama'a su biya kuɗin shiga, su yi ta jira, mawaƙi bai zo ba.

Ana cikin haka sai Billy Sherrill, mai shirya masa faifai, ya kawo masa wata waƙa da Bobby Braddock da Curly Putman suka tsara, mai suna “He Stopped Loving Her Today”. Labarin wani mutum ne da masoyiyarsa ta tafi ta bar shi. Shekaru suka shuɗe, yana adana hotonta da wasiƙunta, yana sa ran dawowarta. Rana ɗaya aka ce ya daina son ta. Mai saurare zai zaci ya haƙura ne, ashe rai ne ya yi halinsa. Matar kuwa ba ta dawo ba sai ranar jana'izarsa.

Jones ya ƙi waƙar. A ganinsa baƙin cikinta ya yi yawa, ba wanda zai sayi faifan. Sherrill ya nace. Aka fi shekara ana fama kafin a gama ɗaukar muryar, musamman wurin da mawaƙin zai bar rerawa ya yi magana, don maye na karya masa harshe.

Faifan ya fito a watan Afirilu na 1980. A Amurka akwai mujallar Billboard, wadda a wancan lokaci kowane mako take jera waƙoƙi bisa yawan cinikinsu da yawan sa su a rediyo. A watan Yuli waƙar ta hau matsayi na 1 a jerin waƙoƙin kantiri. Rabon Jones da wannan matsayi shi kaɗai ya fi shekara 5. Ƙungiyar makaɗan kantiri ta zaɓe ta waƙar shekara a 1980, ta sāke zaɓen ta a 1981. A 1981 ɗin kuma ya karɓi kyautar Grammy.

Mene ne sirrinta? Jama'a sun san halin da mawaƙin ke ciki. Da suka ji muryarsa na rawa, sun gane ba kwaikwayo ba ne: mai ciwo ne ke ba da labarin ciwo.

Jones ya rasu ran 26 ga Afirilu 2013. A taron jana'izarsa a Nashville, mawaƙi Alan Jackson ya rera wannan waƙa, ta kuma sāke shiga jerin Billboard. Lalle gaskiyar Hausawa ne: abin da ka raina, shi kan tsone maka ido. Wani jinkiri kuwa alheri ne.