Mudu Biyu a Gaban Matuƙin Jirgi

Duk wanda ya taɓa barin Bukuru a mota ya gangara Hawan Kibo ya san yadda kunnuwa ke toshewa, sai an haɗiyi miyau su buɗe. Idan kuma da gorar roba da aka rufe tun daga sama, kafin a kai Akwanga za a ga ta ɗan loɓa. Dalili shi ne iska tana da nauyi, kuma nauyin yana ƙaruwa yayin da ake gangarawa. A bakin teku yakan kai kimanin hektofaskal 1013, a tudun Filato kuwa bai wuce wajen 870 ba.

Wannan nauyin ne na'urar auna tsayi ta jirgin sama take karantawa, ta mayar da shi ƙafa-ƙafa. Ba ta ganin ƙasa. Matsalar ita ce nauyin iska ba ya tsayawa wuri ɗaya: na safe daban da na yamma, na Legas daban da na Jos. Shi ya sa na'urar take da ɗan maɓalli da matuƙi ke murzawa ya faɗa mata daga ina za ta fara ƙirga.

A filin jirgin sama na Yakubu Gowon da ke Heipang, kudu da Bukuru, kafin jirgi ya motsa jami'in hasumiya yakan ba matuƙi lambar da ake kira QNH, wadda ma'aikatan yanayi suka auno. Da ya saka ta, sai na'urar ta nuna kimanin ƙafa 4,200, alhali tayoyi na kan kwalta, domin tsayin filin ke nan daga saman teku. Da wannan mudun ake auna duwatsu ma. Tsaunukan Shere da ke gabas da Jos sun kai wajen ƙafa 6,000, kuma ranar da hazon hunturu ya rufe gari, lambar ce idon matuƙi.

Amma da jirgi ya lula sama, dutse ya daina zama abin tsoro, sai ɗan'uwansa jirgi. Idan wanda ya taso daga Kano yana riƙe da mudun Kano, na Legas yana riƙe da nasa, kowa zai ce yana inda aka ajiye shi, alhali sun kusa gogar juna. Don haka da an kai wani tsayi da aka ƙayyade, kowane matuƙi yakan murza maɓalli zuwa 1013. Ko lambar ba ta dace da yanayin ranar ba, kuskuren kowa ɗaya ne, tazarar ƙafa 1,000 da ke tsakanin jirage tana nan daram. A Amurka ƙafa 18,000 ce iyakar a ko'ina. A ƙasashe da yawa kuwa iyakar ta bambanta daga fili zuwa fili, an rubuta ta a taswirar da matuƙi ke dubawa, kuma fili mai tudu irin na Heipang dole tasa ta ɗara duwatsun kewaye.

Wajen sauka sai a juya lissafin: jami'i ya karanto QNH, matuƙi ya maimaita masa, shi da mataimakinsa kowa ya saka a na'urarsa, su gwada. A nan ne ƙaramin kuskure ke zama babba, domin kowane hektofaskal ɗaya kusan ƙafa 28 ne. A watan Mayun 2022, an ba wani jirgin Airbus A320 mai shirin sauka a Faris lamba 1011 maimakon 1001. Cikin ruwan sama, matuƙan ba sa ganin titi, jirgin ya yi ƙasa da inda suke zato da kusan ƙafa 280. Saura ƙafa 6 ya taɓa ƙasa kafin ya sake ɗagawa.

Saboda haka idan ka ga jirgi ya sunkuyo ta saman tsofaffin kududdufan kuza ya nufi Heipang, tuni matuƙin ya ajiye mudun duniya ya ɗauki na gida.