Hawan Jini: Lambobi Biyu da Za Ku Riƙe Kafin Ku Ƙetare Iyaka

Ya ku 'yan kasuwa da iyalanku, ku dunƙule hannu ku duba, kusan girman zuciyarku ke nan. Wannan 'yar tsoka tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti guda idan mutum yana hutawa, wato kimanin sau 100,000 dare da rana. Ɗakuna huɗu gare ta. Biyun dama suna karɓar jinin da ya gama zagaya jiki su tura shi huhu, inda yake sauke gurɓatacciyar iska ya ɗauki oksijin. Biyun hagu kuma su karɓo shi daga huhu su harba shi cikin jijiyoyi, har ƙwaƙwalwa da ƙoda da yatsun ƙafa. Jinin baligi kimanin lita 5 ne, kuma cikin minti guda yakan zagaye jiki ya dawo.

Duk wanda ya taɓa ban ruwan albasa da rani ya san abin da ke faruwa idan aka matse bakin tiyo: ruwa ya ƙara ƙarfi, inji ya soma nishi. Haka jijiyoyin jini suke. Idan suka ƙuntata ko suka sandare, dole zuciya ta ƙara ƙarfin turi, kuma wannan matsin da ya ƙi sauka shi ne hawan jini. Shekara da shekaru yana gajiyar da zuciya, yana lalata ƙoda da idanu, wata rana kuma jijiya ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye. Mugun halinsa shi ne yawanci ba ya sallama. Mutum na iya dakon buhu a kasuwar Bawku yana jin kansa garau alhali jininsa ya hau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum biliyan ɗaya ke da shi, kuma kusan rabinsu ba su sani ba.

Awo kaɗai ke bayyana shi, ba ciwon kai ba. Ma'aikacin lafiya zai ɗaura muku na'ura a damtse ya karanta lambobi biyu: ta sama matsin jini ne lokacin da zuciya ta matsa, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki. Wajen 120/80 lafiya ne. Idan aka sami 140/90 ko fiye a ranaku biyu daban-daban, hawan jini ne. Kafin awo ku zauna minti biyar, kuma kada ku ci goro ko ku sha taba rabin awa kafin nan.

Ga wani abu da ke rikita masu ƙetare iyaka. A Tempane ko Garu za a ce muku 160/100, amma a Sinkasi ta Togo ko Bitu ta Burkina Faso, inda ake aiki da Faransanci, sau da yawa nas zai ce 16/10. Awo ɗaya ne, sifiri kawai aka cire. Kada wani ya ji 16 ya ɗauka ya warke ya ajiye magani. Ku nemi a rubuta muku lambobin da kwanan wata da sunan ƙwayar a takarda guda, ku ajiye ta tare da katin shaidarku.

Maganin hawan jini ba irin na zazzaɓin cizon sauro ba ne da ake sha kwana uku a gama. Danne matsin yake yi, ranar da aka daina kuwa jinin ya soma komawa inda yake. Idan fatauci zai kai ku Yendi ko Salaga ko Kumasi, ku ƙirga ƙwayoyin da za su ishe ku har dawowa. Inshorar NHIS tana ɗaukar nauyin wannan jinya a Ghana, amma katin ba ya aiki a ƙetare. Ana sabunta shi ta waya da *929#. Ku guji sayen ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac a faranti, domin suna ƙara hawan jini, suna kuma cutar ƙoda.

Uwargida, babban rabo yana hannunki. Gishirin da ya halatta ga baligi a yini bai kai giram 5 ba, kusan ƙaramin cokali guda, har da wanda ke ɓoye cikin magi da kanwa da kifin da aka busar da gishiri. Daddawa da albasa da citta suna ba miya ɗanɗano, harshe kuma yakan saba cikin 'yan makonni.

Mai juna biyu a auna ta duk lokacin da ta je awo a asibiti ko ɗakin lafiya na CHPS. Idan fuska da hannuwa suka kumbura, ga ciwon kai mai tsanani, ga gani na dishi-dishi, a kai ta ranar. Haka wanda bakinsa ya karkace farat ɗaya, ko hannu guda ya mutu, ko harshe ya yi nauyi: kada a tsaya jiƙo, kada a ɗura masa ruwa, a kira 112 ko a nemi mota zuwa asibiti mafi kusa, kuma a riƙe lokacin da abin ya fara domin a gaya wa likita.