Ranar Ceto Ɗaya Ce, Wa Zai Biya Kuɗin Sauran Kwanakin?

Duk mai bin labarai ya san hoton. An jera yara a kan benci a harabar ofis, an rufe musu fuska, a gefe ga wata mata ta nutse cikin mayafi, jami'i na yi wa 'yan jarida bayanin yadda aka tare motar. Washegari gidajen rediyo su ɗauka, a yi ta Allah wadai a majalisu da Facebook, bayan kwana uku a koma hirar farashin gero. Abin da kyamara ba ta ɗauka shi ne daren da ya biyo baya. Wa ya sayi abincin da yaran suka ci? Wa ya biya kuɗin awon jini? Wa zai zuba mai a mota ya nufi Isa ko Sabon Birni neman iyayen yaron da bai san sunan ƙauyensu ba, abin da ya riƙe kawai shi ne akwai tsamiya a ƙofar masallaci kuma ana ce wa babansa Malam? A nan ne yaƙi da safarar yara yake cin nasara ko ya faɗi, kuma a nan ne aljihun kowa ke rufewa. Muna da dokoki, muna da jami'ai masu kamu. Abin da ya yi mana ƙaranci a Sakkwato shi ne kuɗi tsayayye, na gida, wanda zai bi yaro daga ranar da aka ceto shi har ya sake zama ɗa a unguwarsu.

Sakkwato na bakin hanya, kuma wannan ba laifin kowa ba ne. Daga birni zuwa Illela tafiyar ƙasa da kilomita 100 ce. A tsallaka iyakar Nijar sai Birnin Ƙonni, daga nan Tawa, Agadas, sai hamada. Masu son sanin ƙarshen wannan hanya su tuna watan Oktoban 2013, lokacin da aka tsinci gawarwaki 92 a arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Yara 52 ne a cikinsu, mata 33, akasari Hausawa daga yankin Kance na jihar Damagaram. Nijar ta yi dokar hana safarar baƙin haure a 2015, gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta soke ta a Nuwamban 2023. A ɓangarenmu kuma 'yan bindiga sun tarwatsa ƙauyuka a Rabah, Goronyo, Isa da Sabon Birni, wasu suka tsallaka jihar Maraɗi, wasu suka cika kangwaye a gefen birnin Sakkwato. Uwar da aka kashe wa miji, ta kwana da 'ya'ya biyar a kango, ba ta buƙatar a yi mata dogon daɗin baki kafin ta miƙa guda ga wadda ta ce za ta kai ta gidan masu hali. Don haka kada tunaninmu ya tsaya ga Libiya da teku. Safarar da ta fi kusa da mu tana tafiya ne a cikin ƙaramar motar haya, da rana tsaka, da sunan aikatau ko riƙo.

Nan ne wasu ke cewa a tsaya. Riƙo al'adarmu ce, aikatau ba yau aka fara ba, kuma iyayen nan da bakinsu suka amince. Gaskiya ne, riƙo ya raya marayu da yawa, kuma gwaggo da ta ɗauki 'yar ɗan'uwanta ta sa ta makaranta, ta yi mata kayan ɗaki, babu dokar da ke nemanta. Amma a duba bambancin. Idan dillaliya ce ta zo da yarinyar, ita ke karɓar kuɗin wata, yarinyar ba ta zuwa boko ba ta zuwa islamiyya, ba ta san hanyar komawa gida ba, to sunan riƙo kawai aka ara. Yarjejeniyar Palermo ta shekarar 2000, wadda Najeriya ta sa wa hannu, ta ce idan wanda aka yi safararsa bai kai shekara 18 ba, ba sai an nuna an yi masa dole ko yaudara ba. Ɗaukarsa don a ci guminsa ya isa laifi. Dokar tarayya ta 2015, wadda hukumar yaƙi da safarar mutane ta NAPTIP ke aiki da ita, ta sa ɗaurin wata shida zuwa shekara uku ga wanda ya ɗauki yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida. Jihar Sakkwato ma ta samu tata dokar kare yara a 2021, zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal. Masu gidaje a unguwannin Mabera da Arkilla da ke da ƙananan 'yan aiki ya kamata su san da wannan.

Yanzu mu bi yarinyar bayan an ceto ta. NAPTIP, wadda aka kafa a 2003, tana da babban ofishin shiyya a Sakkwato mai kula har da Kebbi da Zamfara, kuma hukumar na ajiye waɗanda ta ceto a gidajenta na wucin gadi, yawanci na kimanin mako shida. Daga nan sai gida. To wane gida? Gidan da ta baro ne, da rumbun da ya ƙare tun kafin bazara, da bashin da uwarta ta ci a hannun dillaliya, wanda dama da gumin yarinyar aka yi niyyar biyansa. Ta dawo da ƙurajen sabulu a hannu, tana firgita cikin barci, wataƙila da ciwon da ba za ta iya faɗa wa kowa ba. Sa'o'inta sun yi nisa a makaranta. Maƙwabta na kallonta suna tambayar me aka yi mata a can. Bayan wata biyu dillaliyar, ko wata irinta, ta sake yin sallama da turmin atamfa da 'yan dubbai. Wanda ya yi mamakin ganin yarinya guda an ceto ta sau biyu, bai zauna ya yi wannan lissafi ba. An yi gudun gara ne aka faɗa gidan zago, kuma kuɗin da aka kashe a kamu da bincike sun bi ruwa.

Abin takaici shi ne kayan aikin da za su toshe wannan kafa ba masu tsada ba ne. Jami'in jin daɗin jama'a a ƙaramar hukuma, mai babur da kuɗin mai da katin waya, wanda zai leƙa gidan duk wata har shekara ta zagayo. Katin asibiti da magani. Mace mai horo da za ta zauna da yarinya ta saurare ta da Hausa, ba cikin hayaniyar ofis ba. Ajin cike giɓi, da rigar makaranta da littattafai. Jarin ƙuli-ƙuli ko akuya biyu ga uwar, don kada yunwa ta sake yanke mata shawara. Kuɗin mota da na abinci ga shaidu, domin shari'a kan mutu ne a ranar da mai shaida ya rasa kuɗin zuwa kotu. Sai gidan riƙo na amana, wanda aka tantance ake kuma biya, ga yaron da komawa gidansu haɗari ne. Labarin Hadizatu Mani ya nuna nauyin irin wannan rakiya. An sayar da ita a 1996 tana da shekara 12, a kan sefa dubu 240, ga wani mai gida a yankin Ƙonni, nan maƙwabtanmu. Sai ranar 27 ga Oktoba, 2008 kotun ECOWAS ta sami gwamnatin Nijar da laifin gaza kare ta, ta ce a biya ta sefa miliyan 10. Shekara 12 ke nan tsakani, kuma ba ta kai gaban wannan kotu ita kaɗai ba. Ƙungiyar Timidria ta can ƙasar da lauyoyi ne suka yi ta binta mataki-mataki.

Yawancin irin wannan aiki a wurinmu da kuɗin waje ake yinsa, kuma ba zan raina shi ba. Cibiyar Nana Khadija da ke Asibitin Ƙwararru na Sakkwato, inda ake kula da waɗanda aka ci wa zarafi, an buɗe ta a 2020 ƙarƙashin shirin Spotlight na Tarayyar Turai da Majalisar Ɗinkin Duniya. Amma shiri yana da ranar farawa da ranar rufewa, shi kuwa yaro ba ya warkewa bisa jadawalin mai ba da tallafi. Wanda bai yarda ba ya tuna farkon 2025, da Amurka ta dakatar da ayyukan USAID, aka wayi gari ayyuka da dama a Najeriya sun tsaya cak. Kayan aro ba ya rufe katara. Mu kuma namu ciwon daban ne: muna son gini. A Gagi, cikin birnin nan, Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani ta farko a watan Afrilun 2012, aka gina irinta da dama a Arewa, daga baya aka yi ta kawo rahoton yadda da yawansu suka lalace saboda ba a tanadi kuɗin tafiyar da su ba. Gini na da allon ƙaddamarwa da sunan mai girma a jiki. Kuɗin man babur ɗin jami'i ba ya da shi. Shi ya sa ake samun na farkon a rasa na biyun.

Wani zai ce wannan nauyin tarayya ne, tunda NAPTIP tata ce, kuma doka ta tanadi asusun tallafa wa waɗanda aka yi safararsu, wanda ake zuba masa dukiyar da aka ƙwace daga masu laifi. Haka ne, sai dai dillaliyar ƙauye ba ta da gida a Abuja da za a ƙwace, kuma makarantar firamare da asibitin unguwa da ofishin jin daɗin jama'a duk a hannun jiha da ƙaramar hukuma suke. Abin da ake nema daga gwamnatin Ahmed Aliyu da Majalisar Dokokin jiha shi ne a ware wa kula da waɗannan yara kasonsu da sunansa a kasafin Ma'aikatar Mata da Yara, a kuma sake shi a kan kari, don rubutawa a kasafi daban, fitowar kuɗi daban. Ƙananan hukumomi 23 na jihar, musamman tun hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan ba su kuɗinsu kai tsaye, ba su da hujjar cewa babur ɗaya da jami'i ɗaya sun fi ƙarfinsu. Sai kuma taskar da ta fi dacewa da garin Shehu: Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha. A cikin mutum takwas da aka ambata zakka ta halatta gare su akwai fakirai da miskinai, da matafiyin da guzuri ya yanke masa, da 'yanta wuyaye. Fatawa ta malamai ce, amma tambayar ta cancanci a kai musu. Waƙafi kuwa ya ma fi dacewa, don shaguna biyar a kasuwa da aka tsayar da hayarsu ga wannan aiki za su ci gaba da biya ko gwamnati ta canja.

Akwai ƙorafi biyu masu nauyi da bai kamata a kau da kai daga gare su ba. Na farko, talakawa sun yi yawa, me ya sa za a fifita waɗannan, har a ba da jari ga uwar da ta miƙa 'yarta? Ba za a koya wa wasu cewa hanyar samun akuya ita ce a ba da ɗiya ba? Amsar ita ce tallafin na yaro ne, da sharaɗi: yana makaranta, jami'i na ganinsa, mai unguwa ya shaida. Iyayen da aka samu da hannu a ciniki doka ta hau kansu. Kuma yaron da aka taɓa fitarwa ya fi kowa kusa da a sake fitar da shi, tunda an riga an san ƙofar gidansu. Na biyu, za a cinye kuɗin. Wannan tsoro yana da tushe, sai dai ba mu taɓa rufe asibiti don ana satar magani ba. Maganinsa a bayyana lissafi duk wata uku, yara nawa aka karɓa, nawa ke aji, nawa aka kashe, ba tare da suna ko hoton yaro ko ɗaya ba. A kuma sa idon hakimai da limamai da ƙungiyoyin mata. Garin da Nana Asma'u ta tura malamai mata da ake kira jaji ƙauye-ƙauye suna karantar da mata a ƙarƙashin 'Yan Taru ba sai an koya masa yadda mata ke bin gida-gida ba.

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da ke hannun mai karatu. Ɗan kamasho a tasha ya fi kowa ganin mace guda da yara shida da ba su yi kama da juna ba, kowanne da 'yar leda, babu mai kiranta Inna. Maƙwabciya ta san gidan da ƙaramar yarinya ke wanke-wanke tun asuba ba ta taɓa fita da allo ko jaka ba. A sanar da mai unguwa, ko 'yan sanda, ko ofishin NAPTIP, ko a kira lambarta ta kyauta, 627. Wanda aka zo masa da maganar kai ɗansa wani gari ya nemi sunan gidan da unguwar, ya je ya gani da idonsa, ya ƙi karɓar kuɗin kafin alƙalami. Idan kuma ɗan majalisarku ya zo gaisuwar sallah ko ta'aziyya, bayan an gama maganar taki da kwalbati, a tambaye shi nawa aka ware wa yaran da aka ceto a kasafin bana, nawa kuma aka saki.