Me ya sa karayar tsoho ke daɗewa ba ta haɗe ba?

Duk mai ɗori ya san wannan. Yaro ya faɗo daga bishiyar mangwaro ya karye a hannu, bayan mako shida ya koma filin ƙwallo. Kakarsa kuwa ta zame a bakin rijiya, sai a kwashe watanni ana jinya.

Idan ƙashi ya karye, jini ne ke fara taruwa ya daskare a wurin. Daga nan sai jiki ya saki wasu sinadarai masu aikin ɗan aike. Akwai BMP, wanda wani likitan Amurka, Marshall Urist, ya fara gano alamarsa a 1965. BMP ɗin ne ke umartar ƙwayoyin ɓargo su zama guringuntsi, sannan ƙashi. VEGF kuma shi ke janyo sababbin jijiyoyin jini zuwa wurin.

Idan shekaru suka ja, saƙon yakan yi rauni, ya kuma makara. Ƙwayoyin da ke amsa shi ma sun ragu, domin kitse ya mamaye ɓargon. Ga kumburi ya ƙi lafawa. Abin mamaki, da masu bincike suka haɗa magudanar jinin tsohon ɓera da ta matashi, karayar tsohon ta fi saurin haɗewa.